Muhawara: Ina yin addu'a, amma hankalina ya ƙi kwanciya

Malamar firamare, Ƙofar Ƙaura:
Salama gare ku iyayena da 'yan'uwana da ke cikin wannan zaure. Akwai tambayar da ta daɗe tana cin raina, kuma na ga ya fi kyau in kawo ta inda akwai manya da suka fi ni sanin Maganar Allah. Maigidana yana sayo hatsi daga kasuwannin Funtuwa, Bakori da Ɗandume ya kawo Katsina. A bara motar da ke gaban tasu ta faɗa hannun 'yan bindiga, Allah ya kiyaye shi ya dawo gida lafiya, amma ni tun daga ranar ban ƙara samun barcin kirki ba. Duk ranar da ya kama hanya sai in wuni da waya a hannu, idan na kira ba ta shiga ba sai gabana ya yanke ya faɗi, har ina tsaye gaban allo sai in rasa abin da nake koya wa yara. Ina addu'a safe da yamma, ina zuwa sujada, ban bar Zumuntar Mata ba. Wata 'yar'uwa ta ce mini tsoro alamar ƙarancin bangaskiya ne, tunda manzo Bulus ya ce kada mu damu da kome. Yanzu damuwar ta zama biyu: ga fargabar hanya, ga fargabar cewa ina saɓa wa Allah. Yaya ake samun salamar da Ubangiji ya yi mana alkawari, kuma me ya sa mai addu'a zai rasa ta?

Shugaban matasa, Ƙofar Marusa:
Sannu Yaya Malama, Ubangiji ya ƙarfafa ki. Ina ganin 'yar'uwar nan ba ta faɗi ƙarya ba, ko da a ce maganar ta yi miki zafi. A cikin 2 Timoti 1:7 an faɗa a sarari cewa ba ruhun tsoro Allah ya ba mu ba. Da hadiri ya taso wa almajirai a teku, bayan Yesu ya tsawata wa iska sai ya juya ya tambaye su dalilin tsoronsu da inda bangaskiyarsu take. Bulus da Sila kuma an yi musu bulala a Filibi, an sa ƙafafunsu a turu, duk da haka da tsakar dare waƙoƙin yabo suke yi. Shawarata ita ce ki ɗauki azumi, ki zo kwanan addu'ar da matasa ke yi a daren Juma'a, mu tsawata wa wannan ruhu da sunan Yesu. Abin da ba ya fita da addu'ar minti biyar, yana fita da azumi da naciya.

Dattijon ikilisiya, tsohon malamin makaranta daga Malumfashi:
'Yata, sannu da wannan ɗawainiya. Ɗana shugaban matasa, na ji daɗin himmarka, kuma ba zan taɓa hana kowa azumi ba, amma ka bari in ƙara wani abu a kan abin da ka kawo, domin Littafi Mai Tsarki ya fi ayoyi uku faɗi.

Ku buɗe 1 Sarakuna sura 19. Iliya ne wanda ya yi addu'a a Dutsen Karmel wuta ta sauko daga sama, babu wanda zai ce masa marar bangaskiya. Amma da saƙon Yezebel ya iso masa, gudu ya yi har jeji, ya zauna ƙarƙashin wani itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Ku lura da abin da Allah ya yi masa. Bai yi masa faɗa ba, bai kuma ɗora masa azumi a wannan lokacin ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ba shi abinci da ruwa, ya sāke kwanciya, aka sāke tashinsa ya ci. Sai bayan ya yi tafiya har Horeb ne Allah ya yi masa magana, kuma ba cikin guguwa ko girgizar ƙasa ko wuta ba, sai cikin wata siririyar murya. Zabura 88 kuma daga farkonta har ƙarshenta kuka ne, ba ta ƙare da murna ba, duk da haka tana cikin littafin da muke karantawa a majami'a. Fiye da wannan duka, a Getsamani Ubangijinmu da bakinsa ya gaya wa Bitrus da Yakubu da Yahaya cewa ransa yana shan wahala har kamar ya mutu. Idan jin nauyi a zuciya zunubi ne, to me za mu ce game da wanda bai taɓa yin zunubi ba?

Ayar da aka kawo miki tana cikin Filibiyawa 4:6 da 7, kuma Bulus yana ɗaure ne lokacin da ya rubuta ta. Ki karanta ta har ƙarshe. Cewa ya yi ki kai wa Allah roƙonki tare da godiya, sa'an nan salamar Allah wadda ta fi gaban ganewa za ta tsare zuciyarki da tunaninki. Bai ce hanyar Funtuwa za ta gyaru kafin ki samu natsuwa ba, bai kuma ce wanda ya ji faɗuwar gaba ya fita daga alheri ba. Yana nuna miki inda za ki kai damuwar ne idan ta zo. Saboda haka ki sauke nauyi na biyun nan yau, domin ba Allah ne ya ɗora miki shi ba.

Katikis (mai koyar da addini a ikilisiyar Katolika) daga yankin Kafur:
Baba ya yi magana, Allah ya ƙara masa lafiya. Ina so in kawo shaida daga ɓangarenmu na Katolika, domin mu a kudancin jihar nan mun ga abin da idonmu. A watan Mayu na 2021 aka shiga majami'ar St. Vincent Ferrer da ke Malumfashi da dare, aka kashe Fada Alphonsus Bello, limamin Katolika, aka tafi da wani dattijon fada. A Mayu na 2022 kuma aka ɗauke fada biyu daga Gidan Maikambo a ƙaramar hukumar Kafur. Waɗannan mutane ne da addu'a ce aikinsu dare da rana. Idan muka koya wa jama'a cewa mai bangaskiya sosai wahala ba ta taɓa shi, ko kuwa ba ya jin tsoro, to ranar da irin wannan ya faru za mu rushe bangaskiyar ƙauye guda. Tun da aka yanke mana dayosis (yankin da bishop ke kula da shi) namu na Katsina daga na Sakkwato a 2023, aka naɗa Bishop Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, muna ƙara samun masu kiwon ikilisiya kusa da mu, amma har yanzu a ƙananan majami'un ƙauye katikis ne ke zaune da mutane, kuma tambayar Malama ita ce tambayar da ake yi mini kusan kowane mako.

Abin da nake gaya musu shi ne kada addu'arsu ta zama magana zalla. Mutumin da ke cikin firgici yakan yi ta jero wa Allah abin da yake tsoro, ya maimaita, ya ƙara maimaitawa, har ya tashi daga durƙuso ya fi yadda ya durƙusa rikicewa, domin abin tsoron ya yi ta kallo ba Ubangiji ba. Ruwan da aka ɗebo daga rafi da damina sai an zuba shi a randa an bar shi kafin laka ta kwanta. Ki faɗi roƙonki sau ɗaya a fili, sa'an nan ki yi shiru, ki riƙe gajeriyar addu'a guda irin ta makaho Bartimawas da ya ce Yesu ya ji tausayinsa, kina maimaita ta a hankali tare da numfashinki. Mu muna da rosari, wato carbin addu'a, da ke taimaka mana a wannan, ku kuma kuna da Zabura da Littafin Waƙoƙi a hannu.

Ma'aikaciyar jinya, Ƙofar Durɓi:
Ina gaida iyayena. Yaya Malama, a matsayina na wadda ke aiki da marasa lafiya, akwai abubuwan da kika lissafa da bai kamata a wuce su ba: rashin barci na watanni, bugun zuciya, da mantuwa a wurin aiki. Idan mutum ya shiga firgici mai tsanani, ko ya faru da na kusa da shi, jiki kan ci gaba da zama cikin shirin gudu ko bayan haɗarin ya wuce, kuma rashin barcin kansa yana ƙara rura fargabar, har yana iya taɓa hawan jini. Ki je a auna jininki, ki gaya wa likita duk abin da kika gaya mana ba tare da kunya ba. Akwai masu ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma ba kowa ne ake ba magani ba, wasu magana ce kawai ake yi da su a kai a kai. Kada ki sayi maganin barci a kemis da kanki. Sa'an nan ki duba abin da kike kallo da dare, domin hotuna da bidiyon hare-hare da ake turawa a WhatsApp suna hana mai ƙoshin lafiya ma runtsawa. Ba na ba ki shawarar dogon azumi a wannan halin sai an duba ki tukuna.

Shugaban matasa:
Malama mai jinya, da girmamawa nake faɗin wannan, amma ina jin tsoron kada mu mayar da kowace matsala ta ruhaniya ta zama ta asibiti. A cikin 2 Tarihi 16:12 an zargi sarki Asa domin da ya yi ciwon ƙafa wurin masu magani ya nufa. Yaya Malama salamar Almasihu ta tambaya, kuma Yesu ya ce ba irin wadda duniya ke bayarwa yake ba mu ba. Likita zai iya sa mutum barci, amma ba shi da ikon ba shi wannan salama.

Dattijon ikilisiya:
Ɗana, jimlarka ta ƙarshe gaskiya ce, kuma ban ji mai jinya ta musanta ta ba. Amma laifin Asa a ayar shi ne bai nemi Ubangiji ba. Da Hezekiya ya yi ciwo har ya kai bakin mutuwa, ya yi addu'a da hawaye, Allah ya ji, sa'an nan annabi Ishaya da kansa ya ce a kawo curin ɓaure a ɗora a kan marurun. Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita. Mu nan Katsina ma ba sai an ba mu labarin nesa ba. Tun a shekarun 1930 'yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission), waɗanda ikilisiyar ECWA ta fito daga aikinsu, suke kula da masu cutar kuturta a Babbar Ruga, kuma hannun da ya wanke gyambo da safe shi ne ya buɗe Littafi Mai Tsarki da yamma. Iyayenmu da yawa a irin waɗannan wurare suka fara jin bishara, suka kuma koyi karatu da fassarar Littafi Mai Tsarki ta Hausa da ta fito a 1932. Ba su taɓa ganin allura da addu'a a matsayin kishiyoyi ba, kuma ban ga dalilin da zai sa mu raba su yanzu ba.

Manomi da ya baro ƙauye, yana zaune a Katsina:
Ku yi mini haƙuri in shigo da tawa, domin ni ba tsoro ne ya hana ni kwanciyar hankali ba, fushi ne. An kore mu daga gonakinmu, an kora shanun nomana, an ɗauke ƙanena sai da muka sayar da abin da muka noma muka karɓo shi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda muke zargin ya ba da labarin gidanmu mutum ne da muka sha fura a ƙwarya ɗaya da shi. Yanzu ina ɗaukar kaya a kasuwa, iyalina suna raɓe a ɗaki guda. Idan ana Addu'ar Ubangiji a majami'a aka zo wurin gafarta wa waɗanda suka yi mana laifi, sai in kama bakina har a wuce, domin ba na so in yi wa Allah ƙarya. Baba, mutum irina yana da rabo a wannan salama kuwa?

Matar fasto, shugabar Zumuntar Mata:
Sannu ɗan'uwana, Allah ya mayar maka da abin da ka rasa. Kafin Baba ya amsa, bari in ce shirun nan da kake yi ya nuna kana ɗaukar Allah da gaske, kuma wanda yake ɗaukar Allah da gaske bai yi nisa ba. Na zauna da mata da yawa da aka kashe mazansu, na kuma lura cewa wanda aka matsa masa ya ce ya yafe tun ciwon yana ɗanye, bakinsa ne kawai yake faɗa, sai abin ya koma ciki ya yi ta cinsa. Gafara ba ita ce ka ce abin da aka yi maka ba kome ba ne. Romawa sura 12 ta ce kada mu rama, mu bar wa Allah ramako, kuma sura 13 da ke biye da ita ta ce hukuma tana riƙe da takobi domin masu mugunta. Saboda haka kana da damar kai ƙara, kana da damar neman a yi maka adalci. Yusufu ma bai rungumi 'yan'uwansa a ranar farko da ya gan su a Masar ba, sai da ya gwada su ya ga ko sun sāke hali. Abin da ake nema a wurinka shi ne ka sauke wuƙar da ke cikin zuciyarka ka miƙa ta ga mai shari'ar gaskiya, kuma wannan aiki ne da ake yi kaɗan kaɗan. Idan an zo wurin nan a Addu'ar Ubangiji, ka ce a zuciyarka, ya Uba, ban iya ba tukuna, ka taimake ni in iya. Wannan ma addu'a ce.

Dattijon ikilisiya:
Mama ta gama magana. Abin da zan ƙara kawai shi ne ka karanta Zabura 13 da 55 da murya. A ta 55 Dawuda yana kuka ne a kan aminin da suka saba shiga Haikali tare ya ci amanarsa, kuma a cikinta ne aka ce ka jibga wa Ubangiji nawayarka. Za ka ga ba kai ne na farko da ya kawo wa Allah irin wannan zafi ba. Game da tambayarka, i, kana da rabo. Romawa 5:1 ta ce ta wurin bangaskiya muka sami salama da Allah, kuma Almasihu ne ya saye ta, ba kyawun halin da zuciyarka ke ciki yau ba.

Direban motar haya, tashar Ƙofar Ƙaura:
Malama, ni ɗan hanya ne kamar maigidanki, saboda haka zan gaya miki abin da watakila shi ba zai faɗa ba. Mu ma muna jin tsoro, muna ɓoyewa ne domin kada hankalin iyali ya tashi. Idan ya ga kira goma a wayarsa, nauyi ne ake ƙara masa, domin ya san kina can ba ki ci abinci ba. A 2021 da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, ba kira ba saƙo, sai na ga iyalina sun koyi wani abu da ya zauna mana har yau. Kafin in fita mukan tsaya a bakin ƙofa ni da uwargida da yara, mu riƙe hannu, in karanta Zabura 121, ita kuma ta yi addu'a. Muna da lokaci biyu da nake kira, idan na isa da kuma idan zan juyo, kuma mun yi alkawari ba na tafiyar dare kome ribar da ke ciki. Tsakanin kiran nan biyu ta san ba ta da abin yi sai aikinta, domin ta riga ta miƙa ni. Ku zauna da shi ku tsara irin naku.

Malamar firamare:
Na gode ƙwarai iyayena da 'yan'uwana. Maganar Iliya ta sa ni hawaye, domin na sha karanta surar ban taɓa lura cewa an bar shi ya yi barci kafin a yi masa magana ba. Zan je a duba ni kamar yadda mai jinya ta ce, kuma zan yi magana da maigida. Abin da ya rage mini shi ne tsakar dare. Idan na farka wajen ƙarfe biyu tunani ya taso mini, ko addu'ar ma ba ta haɗuwa a bakina. Me zan yi a wannan lokacin?

Matar fasto:
'Yata, kada ki tsaya kokawa da tunanin a kan gado. Ki tashi ki kunna fitila, ki ajiye waya nesa, ki ɗauki littafin rubutu ki rubuta abin da ke damunki ɗaya bayan ɗaya, a gefe guda kuma ki rubuta abin da Allah ya yi miki a wannan yinin, ko da abinci ne da dawowar yara lafiya, domin ayar Filibiyawa ta haɗa roƙo da godiya. Sa'an nan ki karanta Zabura 4 a hankali, ita ce ta mai shirin kwanciya. Idan kalmomi sun ƙi zuwa, Romawa 8:26 ta ce Ruhu da kansa yana yin roƙo dominmu da nishe-nishen da ba su faɗuwa, saboda haka zamanki shiru a gaban Allah bai zama banza ba. Ni kuma na mai da kiran assalatu na masallacin unguwarmu agogona, da na ji shi sai in tashi in yi tawa addu'ar, ina sa maƙwabtanmu Musulmi a ciki, domin wannan masifa ba ta tambayi addinin kowa ba. Iyayen ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 da aka sace a Disamba na 2020 sun san rashin barcin da kike faɗa. Daniyel sau uku a rana yake durƙusawa tun kafin a kafa dokar da ta kai shi kogon zakoki, kuma abin da aka saba da shi a lokacin sauƙi shi ke riƙe mutum a lokacin tsanani. Kada ki auna kanki da dare ɗaya.

Shugaban matasa:
Na karɓi maganar Baba a kan Asa da Hezekiya. Amma ina nan a kan cewa akwai yaƙin ruhaniya, kuma ba zan so mu bar azumi da kwanan addu'a su mutu a hannunmu ba. Yaya Malama, idan likita ya duba ki ya ce babu matsala, ƙofarmu a buɗe take, kuma ko ba ki zo ba za mu ambaci maigidanki da duk 'yan hanya a daren Juma'a.

Katikis:
Babu wanda ya ce a bar su, ɗan'uwana, mu ma muna da kwana 40 na azumi kafin Ista. Sai dai akwai abin da bai kamata zauren nan ya tsallake ba. Ɗan'uwanmu manomi ya ce iyalinsa suna ɗaki guda, yana dako a kasuwa. Wasiƙar Yakubu 2:15 da 16 ta yi tambaya a kan wanda zai ce wa mai yunwa ya sauka lafiya, ya ji ɗumi, ya ƙoshi, alhali bai ba shi kome ba. Idan muka ba shi ayoyi kawai muka watse, mu ne ake nufi.

Matar fasto:
Gaskiya ne, Malam Katikis. Ranar Alhamis bayan taron Zumuntar Mata za mu tara abin da ya sawwaƙa, masara, gero, sabulu da tufafin yara, kuma duk wanda ya san inda ake neman mai gadi ko mai aikin lambu ya sanar da ni ta akwatin sirri. Ɗan'uwa manomi, ka turo mini kwatancen gidan da kuke da yawan yaran, domin mu san waɗanda suka isa makaranta. Shugaban matasa, ina bukatar samari biyu da za su ɗauki buhuna.

Shugaban matasa:
To Mama, za su zo da ƙarfe huɗu, kuma zan nemo Keke Napep da zai kai kayan.